Zaure ya cika, an tashi ba tambaya

A ƙarshen wannan zangon karatu zan miƙa makullin ofishin wayar da kan jama'a na tsangayar kimiyya. Yadda ake kama zaure da buga takardar gayyata, wadda za ta gaje ni tana iya tambayar sakatare. Abin da sakatare ba zai faɗa mata ba shi ne, laccar jama'a a nan fuska biyu gare ta. Ga mai zuwa saurare, dama ce ta yi wa masani tambaya ido da ido. Ga shugaban tsangayar da na fi daɗewa a ƙarƙashinsa kuwa, yawan kawuna ce da ake sawa a rahoton ƙarshen shekara. Duk wuyar da na sha a aikin nan daga wannan saɓani ta taso.

Ranar 11 ga Fabrairun 2016 masu binciken LIGO, wata cibiyar gwajin fiziks a Amurka, suka sanar da cewa sun kama girgizar sararin samaniya da Einstein ya yi hasashenta tun 1916. Tushen girgizar wasu baƙaƙen ramuka biyu ne, wato wurare a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu, ɗaya ya ninka nauyin rana wajen sau 36, ɗayan sau 29, suka haɗe a nisan da haske ke shafe fiye da shekara biliyan ɗaya kafin ya iso mana. Ban taɓa ganin labarin fiziks ya ja hankalin mutane haka ba. Malaman sakandare suna bugo waya, iyaye suna tambaya ko za su iya zuwa da yara. Shugaba ya ga dama ta samu, ya gayyato wani babban farfesa, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ce in shirya.

Abu biyu na nema: in ga abin da baƙon zai haska a majigi tun da sauran mako guda, sannan ya gwada laccar a gaban mutum biyu ko uku da ba su karanta kimiyya ba. Shugaba ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, kai ne za ka gwada Farfesa? Yana wannan aiki tun kana firamare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba iliminsa nake shakka ba. Rabin zauren yaran sakandare ne."

Ya ce magana ta ƙare. Na so in tuna masa da Michael Faraday, wanda ya kafa laccocin Kirsimeti na yara a Royal Institution da ke Landan a 1825, ya kuma gabatar da su da kansa har sau 19. Duk girman Faraday, yakan sa mataimakinsa ya ajiye masa kati a gaba idan ya yi sauri ko lokaci ya ƙure. Amma na san ofishin da nake tsaye, na haɗiye.

Ranar lacca zaure ya cika har ana tsaye. Gabatar da manyan baƙi da karanta tarihin Farfesa suka cinye rabin awa. Shafi na uku da ya haska lissafi ne daga sama har ƙasa, kuma daga nan bai sake saukowa ba. Laccar minti hamsin ta kai awa ɗaya da rabi. Motocin makarantu suna jira a waje, malamai suka fara janye ɗalibansu layi-layi, shugaba ya karɓi makirufo ya ce saboda ƙurewar lokaci babu tambayoyi. Akwai yaran da na gani da tambaya a rubuce a tafin hannu.

A taron Litinin aka ce laifina ne, wai na cika zauren da yara, na kunyata tsangaya a gaban baƙo. Aka ba ni takardar tuhuma, aka sa kwafi a fayil ɗina. Wata biyu bayan haka rahoton tsangaya ya fito da hoton zauren nan a cike, an ɗauka kafin a fara, an rubuta a ƙasa cewa shi ne taro mafi nasara a shekarar. Yaran da suka jawo mini tuhuma su ne aka ƙirga.

Ban nemi izini ba, na sake gayyatar makarantun, ranar Asabar, a ƙaramin ɗakin karatu. Wata ƙaramar malama daga sashen fiziks ta yarda ta yi magana, ma'aikacin ɗakin gwaji kuma ya haɗa mata madubai biyu da gilashin raba haske da ɗan fitilar lesa a kan teburi. Haske ya zana zobba a bango. Ta ce wa wani yaro ya buga ƙafa a ƙasa, zobban suka yi rawa. Sai ta ce injin LIGO wannan ne, sai dai kowane hannu nasa kilomita 4 ne, kuma motsin da ya auna bai kai faɗin furoton ɗaya ba, wato ɗan ƙwayar da ke tsakiyar ƙwayar zarra, nesa ba kusa ba. Minti ashirin ta yi, sauran lokacin na tambaya ne.

Wata yarinya ta ce, idan sararin da kansa ne ke miƙewa, ai ma'aunin ma zai miƙe tare da shi, to da me aka gane? Na ji ɗaliban digiri na biyu sun kasa amsa wannan. Malamar ta ce tambayar ta ba masana kansu aiki, kuma abin da ake aunawa shi ne lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo, saurin haske kuwa ba ya canzawa. Da wani ya ce misalin ƙyallen da ake ɗora wa ƙwallon ƙarfe don nuna yadda nauyi ke lanƙwasa sarari yana amfani da jan ƙasa ne don ya bayyana jan ƙasa, ta ce gaskiyarsa, misalin gurgu ne, ta nuna inda yake ɗingishi. Ra'ayina tun daga ranar bai canza ba: laccar da aka yanke mata lokacin tambaya ba a yi ta ba.

Shirin Asabar ya ɗore, ya shiga rahoto a matsayin ƙirƙirar ofishin shugaba. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya ƙirga maƙalun malamar, ya ce ba su kai ba, wani ma ya shawarce ta da ta rage wasa da yara. Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. Carl Sagan, wanda miliyoyin mutane suka san taurari ta bakinsa, an ƙi shigar da shi National Academy of Sciences, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Amurka, a 1992, kuma da yawa na ganin shahararsa a talabijin ce ta ja masa. Tun 1985 Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila, ta fitar da rahoto cewa yi wa jama'a bayani nauyi ne a kan masanin kimiyya. Hukumar NSF, mai ba da kuɗin binciken kimiyya a Amurka, ta sa amfanin bincike ga al'umma cikin sharuɗɗan ba da kuɗi tun 1997. Wato mai neman kuɗin bincike yana bukatar ofishina a takarda, mai neman ƙarin girma kuma gara a ce ba a taɓa ganinsa a ciki ba. Ke da za ki gaje ni, duk ƙaramin malamin da za ki roƙa ya yi lacca, ki faɗa masa wannan tun farko, ya shiga da saninsa.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. Ruwan naitirojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, kuma idan ya koma iska yana kumbura wajen sau 700, don haka kar ki bari kowa ya toshe shi a kwalba don burge yara. Ranar husufin rana ki duba tabaran kallo ɗaya bayan ɗaya da hannunki. Kar ki shirya lacca kan labarin da bai kwana ba: a 2011 aka ce an ga ƙwayoyin niyutirino sun fi haske gudu, a 2012 ta bayyana cewa wata wayar na'urar awon ce ba ta zauna daidai ba. Sunan ma'aikacin ɗakin gwaji ya shiga fosta, ko da an ce ba a saba ba.

Duk umarnin da aka ba ki da baki kuma, ki koma ofis ki aika imel mai cewa ga abin da kika fahimta, a tabbatar miki. Shugaban da ke kai yanzu mutumin kirki ne. Wancan ma haka ake faɗa a kansa kafin ya hau kujerar.