Abin da teburin ƙorafi ya koya mini game da inshorar gida mai sabunta kanta

Aikina a Ingila shi ne sauraron ƙorafe-ƙorafen masu inshorar gida a wani kamfanin dillancin inshora, kuma cikin dukan abin da ke zuwa teburinmu, babu abin da ke tayar da ran mutane kamar yarjejeniyar da ta sabunta kanta. Mutum zai duba asusunsa na banki ya tarar an cire kuɗin inshorar sabuwar shekara, ya kira a fusace ya ce shi bai nemi haka ba, a amsa masa cewa ai ya amince tun ranar da ya saya bara, sannan da ya ce to a soke, a gaya masa akwai kuɗin sokewa. Kuɗin nan ba su cika wuce 'yan fam gommai ba, amma na lura cewa ba yawansu ne ke ƙona wa mutane rai ba. Abin da ke musu ciwo shi ne a caje su don sun fita daga abin da, a ganinsu, ba su shiga da ƙafarsu ba.

Inshorar gida a nan iri biyu ce, ta ginin kansa da ta kayan da ke cikinsa, kuma yawanci shekara guda take yi. Idan wa'adi ya kusa, kamfani kan aiko da wasiƙa ko imel makonni uku zuwa huɗu kafin ranar, ɗauke da sabon farashi, kuma idan mai gida bai ce komai ba, sai a ɗauki shirunsa a matsayin yarda, a ciri kuɗi daga katin ko asusun da ya bayar tun farko. Ba na cikin masu cewa tsarin nan zalunci ne tun daga tushensa. Wanda ya sayi gida da bashin banki, sharaɗi ne a kansa ginin ya kasance da inshora a kowane lokaci, kuma na ga fayil ɗin iyalin da bututun ruwa ya fashe musu a tsakiyar hunturu, silin ya rufto, kwana kaɗan bayan wa'adin da su kansu sun manta da shi. Sabuntawar da ba su lura da ita ba ce ta biya gyaran. 'Yan uwanmu da suka taso daga Nijeriya su ne suka fi shan mamakin wannan, domin a can an saba da ƙa'idar da hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta tsaurara tun 2013, wadda ta ce in ba a biya kuɗi ba babu kariya, saboda haka mutum yana ɗauka cewa idan ya yi shiru, magana ta ƙare ke nan. A nan kuwa shirun ne ke ɗaure shi da wata shekarar.

Inda abin ya lalace shi ne lokacin da kamfanoni suka mayar da mantuwar mutane hanyar cin riba. Shekaru da dama ana jawo sabon abokin ciniki da farashi mai rahusa, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk shekara, har wanda ya daɗe bai motsa ba ya wayi gari yana biyan fiye da maƙwabcinsa da ya shigo jiya, alhali gidajensu iri ɗaya ne. A watan Afrilun 2017 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta tilasta a riƙa rubuta farashin bara kusa da na bana a wasiƙar sabuntawa. A watan Satumban 2018 ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara kyauta, ta kai babban ƙorafi gaban hukumar kula da gasar kasuwanci kan yadda ake cutar da abokan cinikin da suka daɗe ba su sauya kamfani ba. Binciken da FCA ta yi daga baya ya nuna cewa a 2018 kimanin mutum miliyan 6 masu inshorar gida da ta mota sun biya farashi mai tsada, kuma da an caje su matsakaicin abin da ya dace da su, da sun tsira da fam biliyan 1.2. Tsofaffi da marasa sabo da intanet suna da yawa a cikin waɗanda irin wannan ya shafa, kuma muryoyinsu ne nake ji a waya.

Daga 1 ga Janairun 2022 aka haramta a caji mai sabuntawa fiye da abin da za a caji sabon mai saye irinsa da ya zo ta hanya ɗaya, aka kuma wajabta wa kamfanoni su sauƙaƙa wa mutum dakatar da sabuntawa kai tsaye. Gyara ne mai kyau, sai dai mutane da yawa sun yi masa gurguwar fahimta. Dokar ba ta hana farashi tashi ba, ba ta kuma ce farashin kamfaninka shi ne mafi sauƙi a kasuwa ba, don haka har yanzu wanda ya leƙa shafukan kwatanta farashi kafin wa'adinsa ya cika yakan samu abin da ya fi.

Batun kuɗin sokewa kuwa ya rataya ne a kan lokaci. Doka ta ba mai inshora kwana 14 na sake tunani, ana ƙirgawa daga ranar da yarjejeniya ta ƙullu ko ranar da takardu suka iso masa, duk wadda ta zo daga baya. Mutane kan ɗauka sokewa a cikin kwanakin nan kyauta ce, amma kamfani yana da damar riƙe kuɗin kwanakin da ya riga ya ba da kariya, wasu kuma su ɗora kuɗin aikin ofis a kai, muddin an faɗe shi tun farko kuma bai zama tara ba. A misali, idan inshorar fam 365 ce a shekara kuma an soke ta a kwana na 10, fam 10 na kariya ne, sai abin da aka ƙara na aikin ofis. Bayan kwana 14 kuɗin sokewar kan ƙaru, wani lokacin ma kamfanin inshora ya karɓi nasa, dillali ya karɓi nasa, idan kuma an riga an nemi diyya a cikin shekarar, galibi babu abin da zai dawo.

Asara mafi muni da nake gani ba daga kuɗin sokewa take zuwa ba, daga hanyar da mutane ke bi ne don guje musu. Wani magidanci ya samu farashi mai sauƙi a wani kamfani, ya saya, sannan ya shiga manhajar bankinsa ya dakatar da izinin cirar kuɗin wata-wata da ya ba mu, ya ɗauka shi ke nan ya rabu da mu. Bai san cewa dakatar da biya daban yake da soke yarjejeniya ba, bai kuma san cewa biyan wata-wata sau da yawa bashi ne mai ruwa da aka biya masa kuɗin shekara da shi ba. Wasiƙun gargaɗi suka yi ta zuwa yana ajiyewa bai buɗe ba, har aka soke inshorar saboda rashin biya, aka bi shi ragowar kuɗi. Da ya kira, muryarsa na rawa, abin da ya yi ta maimaitawa shi ne, "Amma ai ina da wata inshorar." Gaskiya ya faɗa, sai dai inshora biyu a kan gida ɗaya ba sa biyan diyya sau biyu, kuma daga ranar, duk fom ɗin da ya tambaye shi ko wani kamfani ya taɓa soke masa inshora, dole ya yi la'akari da abin da ya faru kafin ya amsa. Kiran waya na minti kaɗan kafin wa'adi ya cika ya isa ya hana wannan duka.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika magana a kansa ba, wato sabuntawa tana tafiya ne da bayanan bara. Idan an ƙara ɗaki, ko an saka ɗan haya, ko an tara gwala-gwalan aure a gida, wasiƙar ba ta san da su ba, kuma dokar 2012 da ta shafi bayanan da mai inshora ke bayarwa ta ɗora masa nauyin kula da kada ya bar bayanin da ba daidai ba. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar Juma'a da wasiƙarsa a hannu, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, na ga sun sake cire kuɗi, ni kuwa Kano zan tafi sai bayan Babbar Sallah." Na ce, "Baba, kuɗin ba su ne abin dubawa ba, wata nawa za ku yi?" Da ya ce uku, sai na nuna masa sharaɗin da ke cewa idan gida ya zauna babu kowa fiye da adadin kwanakin da aka ƙayyade, wanda yawanci 30 ne ko 60, kariyar sata da ta ɓarnar ruwa kan ragu ko ta faɗi gaba ɗaya. Shekara da shekaru yana wannan tafiya yana biya, bai taɓa sanin cewa watannin da ya fi buƙatar kariyar su ne watannin da ta fi rauni ba.

Idan ƙorafi ya zo, kamfani yana da mako 8 ya ba da amsa ta ƙarshe, mai ƙorafi kuma yana da wata 6 daga nan ya kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service mai raba gardama tsakanin kamfanonin kuɗi da abokan cinikinsu, wanda ba ya karɓar ko sisi daga hannunsa. Tambayoyin da ake yanke hukunci a kansu kaɗan ne: an faɗa masa a fili ranar saye cewa za a sabunta, an aika sanarwa a kan lokaci zuwa adireshin da ya dace, an bayyana kuɗin sokewa tun farko? Sau da yawa na'ura tana nuna cewa an aika imel, kuma a takarda wannan ya wadatar. Amma na riƙe fayil ɗin wata tsohuwa da sanarwarta ta tafi akwatin imel ɗin mijinta da ya rasu, kuma tun daga lokacin na daina ɗaukar aikawa da isarwa a matsayin abu ɗaya. An mayar mata da kuɗinta, sai dai sai da ta kira ta yi bayanin rasuwar ga baƙuwar murya kafin a yi hakan.

Ra'ayin da nake kai wa shugabannina shi ne a bar sabuntawa kai tsaye ga mai so, amma a daina karɓar kuɗin aikin ofis daga wanda ya soke cikin kwana 14 na yarjejeniyar da ta sabunta kanta, a tsaya a kan kuɗin kwanakin kariya kawai. Sukan amsa mini cewa aikin sokewa yana cin lokacin ma'aikaci, kuma wani ne zai biya. Na yarda yana ci, amma na'ura ce ta ƙulla yarjejeniyar ba tare da mai gida ya ɗaga yatsa ba, kuma ƙa'idar da FCA ta fara aiwatarwa a 31 ga Yulin 2023 ta buƙaci kamfanoni kada su sanya wa abokin ciniki shingen da bai dace ba idan yana son fita. Wasu kamfanonin ba sa karɓar wannan kuɗi. Namu bai kai nan ba tukuna, abin da na samu zuwa yanzu shi ne an ɗauko bayanin kuɗin sokewa daga can cikin takardun sharuɗɗa an dawo da shi shafin farko na wasiƙar sabuntawa, tare da lambar wayar da za a kira a dakatar.