Abin da aiki ya koya man kan zubar jini a ƙwaƙwalwa

Ni nas ce a wani asibiti nan Gusau, kuma cikin duk majinyatan da ake kawo muna babu waɗanda ke sa dangi cikin tsaka mai wuya kamar masu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Mutum yana zaune lafiya lau, ko yana alwala ko yana gona, sai ciwon kai ya sare shi, ya yi amai, baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki. A gida sai a ce iska ta buge shi, a tsaya hayaƙi da tofi, kahin a iso wurinmu an ci awoyi, alhali awoyin farko su ne jinin ke ƙara taruwa.

Abu na farko da aikin ga ya koya man shi ne ido ba ya rarrabe shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya da ta fashewar jijiya, sai an yi hoton kai na siti sikan. Maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayar. Sau da yawa mai jinya zai ce "ai mun ba shi asfirin, mai kemis ya ce yana tsinka jini", to wanda jijiya ta fashe mashi a kai me za ya yi da tsinkakken jini? Kuma fashewar ba kaɗan ba ce a wajenmu, binciken SIREN da anka yi a Najeriya da Ghana, wanda ya fito a 2018, ya samu kusan kashi 32 cikin 100 na masu shanyewar jiki zubar jini ne, hawan jini kuma shi ne uban tafiya.

Da hoto ya fito sai tambayar da kowa ke yi ta taso: Likita, za a yi aiki? Mutanenmu sun ɗauka tiyata ita ce ƙarshen gata, wanda ba a yi ma aiki ba to an yi watsi da shi ke nan. Wallahi ba haka abin yake ba. Wani babban gwaji da ake ce ma STICH, wanda likitocin Ingila sunka jagoranta ya fito a 2005, majinyata sama da 1,000 a ƙasashe 27, bai nuna cewa gaggawar buɗe kai ta fi jinya da magani ba ga yawancin masu jini a cikin naman ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa jinin da hawan jini ke zubarwa can cikin ƙwaƙwalwa yake zama, kahin wuƙa ta kai gare shi ta ratsa wuri mai lafiya. Amma akwai inda aiki ke ceton rai ƙarara. In jinin na ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya kuma ya girma yana danne wurin numfashi, ko ruwa ya toshe a kai sai an sa roba an zuƙe, wannan ba a jira. Haka yaron da ya faɗi da mashin ya tashi ya kakkaɓe riga yana magana, bayan ɗan lokaci barci ya kwashe shi, jini ne tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa, in an cire da wuri sai ka gan shi ya koma gida da ƙafarshi. Su ma tsofaffi da ke rikicewa makonni bayan sun bugu a kai, dangi na cewa tsufa ne ko taɓin hankali, ɗan rami ake hudawa a zubar da tsohon jinin mutum ya dawo hayyacinshi.

To a nan ne nauyin yake, wa za a tura Sakkwato, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo take, wa za a riƙe. Tafiyar ta haura kilomita 200, a bi Bungudu, Maru, Talata Mafara, Tureta, da mutumin da ba ya cikin hayyacinshi, ga shi ba a son tafiyar dare a hanyar nan. Ga kuɗin mota ga na hoto ga na aiki, na ga gidan da anka sai da shanun huɗa daminar na bisa kai. Shi ya sa nike ganin zalunci ne a ce ma dangi "ku kai shi Sakkwato" don kawai a rabu da su. A kira likitan can tukun, a tura mashi hoton ta waya, ya ce akwai aikin yi ko babu, sannan a zaunar da babban gidan a ce Baba ga abin da ke akwai, ga abin da aiki za ya iya, ga wanda ba ya iyawa.

Likitoci na da wani lissafi na ƙiyasta hatsari, ana duba zurfin suman, ko jinin ya kai mililita 30 (cokalin cin abinci biyu fa kacal), ko ya shiga rijiyoyin ruwan ƙwaƙwalwa, ko a ƙeya yake, ko mutum ya kai shekara 80. Lissafin na da amfani, kuma gaskiya ciwon na kisa, wajen kashi 40 cikin 100 ba su cika wata ɗaya. Sai dai na tsani yadda wasu ke maida shi hukunci. Da an ce wanga ba ya tashi sai hannun kowa ya yi sanyi, a daina juya shi, a daina bin awon jini, dangi su ce bari mu kai shi gida ya cika a ɗakinshi, in ya rasu sai a ce ai daman an faɗa. Ko a Amurka ƙa'idar da sunka fitar a 2022 cewa ta yi kar a yanke shawarar janye hannu sai aƙalla an kai yini na biyu cikakke ana jinya sosai. Rai na Allah ne, amma kwana biyun nan hakkin majinyaci ne.

Kuma abin da ake yi a kwanakin ba wani mai tsada ba ne. Gwajin INTERACT3 na 2023, wanda har da asibitocin Najeriya a ciki, abu huɗu ya haɗa: a sauke hawan jini da wuri, awon sama ya koma ƙasa da 140, a daidaita suga, a kashe zazzaɓi, a warware maganin tsinka jini ga mai shan shi, kuma waɗanda anka yi ma haka sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Mu kuma a gefen gado muna ɗaga kan gadon, muna juya mutum duk awa biyu don kar gyambon kwanciya ya kama shi.

Faɗan da ni fi yi da masu jinya kuwa na kunu ne. Uwa ko mata ba ta iya kallon mutum ya yini bai ci ba, da ka juya baya sai a ɗura mashi kunu ko ruwan rubutu da cokali, shi ko maƙogwaron ya shanye, abin ya zarce huhu, bayan kwana biyu ga zazzaɓi ga numfashi sama-sama, mutumin da ya tsallake jinin ciwon huhu ya tafi da shi. Yanzu ba ni hana rubutu, cewa nike Inna a shafa mashi a jiki, abinci kuma ga robar hanci nan, zo in gwada maki yadda ake zubawa, har ranar da munka gwada munka ga yana iya haɗiya.