Littafin Awon Babanmu

Yau kwana arba'in ke nan da muka kai mahaifinmu makwancinsa, kuma sai yanzu da baƙin gaisuwa suka ragu, aka naɗe tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida, na samu natsuwar da zan zauna in rubuta wani abu a kansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ba mu san shekarunsa daidai ba, domin kamar yawancin sa'o'insa na cikin birnin Kano, ba shi da takardar haihuwa. Abin da yake faɗa mana shi ne an haife shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda mutanen gari ke kira Sarki Alhaji, kuma lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956 ya riga ya zama saurayi, yana koyon ɗinki a wajen ƙanin mahaifinsa. Ya auri mahaifiyarmu a 1963, shekarar da aka naɗa Ado Bayero. Idan aka haɗa lissafin, ya haura tamanin da biyar, kuma fiye da sittin daga ciki ya yi su ne a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Kurmi.

Tela ne na kayan maza: jamfa, kaftani, 'yar shara da babbar riga. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, har yaran shagonsa suna tsoronsa. Idan ɗinki ya karkace, ba ya zagi kuma ba ya duka, sai ya miƙa wa yaro reza ya ce ya warware tun daga farko, ko da kuwa daren sallah ne mai kaya yana zaune yana jira. A ganina wani lokaci yakan wuce gona da iri, kuma akwai yaran da suka gudu saboda haka. Amma waɗanda suka jure, yau kowannensu yana da shagon kansa, kuma su ne suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara ranar jana'izarsa. Abu ɗaya ne bai taɓa karɓar kuɗi a kansa ba, shi ne likkafani. Duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwarmu, ko da tsakar dare ne, Baba zai tashi ya yanka farin yadi ya haɗa, kuma idan aka miƙo masa wani abu sai ya ɓata rai.

Yana da amini guda tun na ƙuruciya, marini ne a Ƙofar Mata, wanda shuni ya zauna a hannunsa har ya zama kamar launin fatarsa. Da tsufa ya zo, idon wannan bawan Allah ya mutu, mutane suka riƙa janye jiki sannu a hankali, kamar yadda aka saba yi wa wanda ba shi da abin bayarwa. Baba kuwa kowace Juma'a sai ya rufe shago da hantsi, ya taka har gidan amininsa, ya kama hannunsa su tafi Babban Masallaci na kusa da gidan Sarki, in an idar ya mayar da shi gida su ci tuwo a kwano ɗaya. Haka suka yi shekara da shekaru har aminin ya riga shi. Mun sha ce masa ya bari ɗaya daga cikinmu ya ɗauke su a mota, sai ya ce ai hirar a hanya take.

Zamansa da mahaifiyarmu ba na yawan magana ba ne. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, Malam take ce masa har ya bar duniya. Da ta samu shanyewar ɓarin jiki a 'yan shekarun baya, mun ɗauko mai kula da ita, amma kokon safe bai yarda kowa ya ba ta ba sai shi. Zai dawo daga masallacin asuba, ya zauna a bakin gado, ya fifita kokon da ludayi har ya huce, sannan ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan yana ba ta labarin waɗanda ya gani a sahu. Yanzu tana takaba, kuma kullum da asuba idonta yana kan ƙofar ɗaki.

Ni ne ɗan fari, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi a wajen mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce a kira masa yaron nan, ko da furfura ta fito mini. Bai ɗauke ni ba ina ƙarami, a ɗakin kakata na tashi, kuma idan ƙannena suka kewaye shi yana auna su don ɗinkin sallah, yana yi musu wasa da tef, ni daga nesa nake kallo. Rigata dai takan zo daidai jikina ranar sallah, ta hannun kakata. Na san alkunya ce, an kuma gaya mini haka, amma zuciyar yaro ba ta fahimtar al'ada, kuma ba zan ɓoye ba, na girma da wani ɗan ƙulli a raina wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan sadakar bakwai muka buɗe akwatinsa na ƙarfe don a yi lissafin bashi kafin rabon gado. A ciki muka tarar da tsofaffin littattafan awo, an ɗaure su da ƙyallen shadda, duk an rubuta su da ajami. Kowane mai ɗinki da shafinsa: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, da kuɗin aiki a gefe. Mutum yana iya ganin inda sule da fam suka ƙare, kobo da naira suka fara a 1973, ko da yake shi kansa ya daɗe bayan nan yana ce wa naira biyu fam ɗaya. Akwai basussuka masu yawa da ya ja wa layi ya rubuta cewa ya yafe, musamman a shekarun da suka biyo bayan 1986, lokacin da naira ta faɗi, mutane suka koma sayen gwanjo, kuma mu kanmu a gida muna ji a jikinmu.

A littafi mafi tsufa na ga shafukan ƙannena, kowa da sunansa a sama. Kafin su akwai wani shafi da babu suna, sai ɗan da'ira kawai da aka zana da tawada. Awon farko na jariri ne wanda bai daɗe da fara tafiya ba, daga nan layi yana bin layi, sallah bayan sallah, kafaɗa tana ƙara faɗi, hannu yana ƙara tsawo, har shafin ya cika aka ci gaba a littafi na gaba da wannan da'irar. Na kai wa mahaifiyarmu na tambaye ta ko na wane ne. Ta daɗe tana kallon shafin kafin ta ce nawa ne. Ta ce idan na yi barci yakan aiko a karɓo tsohuwar rigata daga ɗakin kakata, ya shimfiɗa ta a gaban fitila ya auna, ya ƙara inci ɗaya ko biyu gwargwadon yadda ya ga na girma a idonsa, sannan a mayar da ita kafin gari ya waye.

Layi na ƙarshe a ƙarƙashin da'irar an rubuta shi ne da hannu mai rawa, kuma bai fi shekara uku ba, alhali ya daina hawa keke tun kafin nan. Na kwafe shi a takarda na kai wa babban yaron shagonsa tare da yadi goma na farar shadda. Da ya ɗauko tef zai auna ni, na ce masa ya ajiye, ya yanka da wannan awon.