Na je Bama neman sunayen mazan jiya

Kakana sojan Bama ne, cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a yaƙin duniya na biyu, amma wallahi har Allah ya ɗauki ransa ban taɓa zama na tambaye shi komai ba, mu dai a wajenmu tsoho ne mai yawan surutu, da ya fara "lokacin da muke Kaladan" sai ka ga mun sulale ɗaya bayan ɗaya. To shi ya sa da taron malamai ya kai ni Yangon, babban birni a ƙasar, a 2019 na ce ko ana ha-maza ha-mata sai na leƙa maƙabartar sojoji ta Taukkyan.

Ranar da aka tashi da wuri na tari tasi. Direban ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai da na nuna masa hoton wurin a waya sannan ya gyaɗa kai. Muka yi arewa, ga cunkoso ga zafi, mun kusa cin awa guda a hanya.

Kai, wurin tsaf yake, ciyawa a aske sai ka ce ba maƙabarta ba, har matasa na gani suna ta ɗaukar hoto abinsu. Kaburbura sun haura 6,000, kowanne da ɗan allon tagulla a ƙasa, a tsakiya kuma dogayen ginshiƙan dutse ne a jere ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a ma san inda gawarsu take ba. Nan na nufa, na dinga bi ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage kafin na iso ɓangaren sojojin Afirka ta Yamma.

Nan fa jikina ya yi sanyi. Sunaye ne irin namu sak, kuma da yawa ba sunan uba, Bature ya rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan garinsu shi ke nan, wani ma an karkata rubutun sai ka furta da ƙarfi kafin ka gane. Ta yaya dangi za su gano nasu a haka? Na yi musu addu'a, na ɗauki hotuna har batir ya fara kuka.

Waɗannan su ne 'yan runduna ta 81 da ta 82, 'yan ta 81 su suka kutsa kwarin Kaladan a 1944 inda ba hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, guzuri daga jirgin sama ake jefo musu, rundunonin biyu ne kuma suka kori Japan daga garin Myohaung a Janairun 1945. Da Hausa ake ba da yawancinsu oda. Abin kunyar ma, ni malamin tarihi guda, sai can na tsaya na haɗa lissafi cewa barikin Dalet na Kaduna da Chindit na Zariya da Arakan da Myohaung na Legas duk daga yaƙin nan sunansu ya samo asali, kuma na san ɗalibaina ko mutum ɗaya bai sani ba.

Da na dawo na haska musu hotunan a bango, aji ya yi tsit. Na ce kowa ya nemo tsohon soja ɗaya, na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ko na ECOMOG a Laberiya, ya ɗauki muryarsa a waya kafin 15 ga Janairu ranar tunawa da mazan jiya. Rabi ba su yi ba, yara ke nan. Amma wata yarinya ta kawo na kakanta minti 40, ba labarin harbi ko ɗaya a ciki, takalmin da ya ci masa ƙafa yake ta maimaitawa da sunan abokinsa da bai dawo ba, sau uku ya faɗi sunan, a na ukun sai aka ji muryarta tana cewa "Kaka, in kashe ne?" ya ce a'a bar shi.