Gidan sauro a bakin Tafkin Malawi

Mahaifina masunci ne a Yauri, cikin kwale-kwalensa na girma. Shi ya sa da aiki ya kai ni Mzuzu, a arewacin Malawi, ban iya zaman masauki ranar Asabar ba, na shiga mota na gangara Nkhata Bay in ga ruwa. Sunansa tafki, amma ka rantse teku ne. Tsawonsa ya kusa kilomita 580, kuma babu tafkin da ya kai shi yawan jinsin kifi a duniya.

Kifin da suke ji da shi shi ne chambo. Da aka kawo min shi da nsima, tuwon masararsu, na ce ai wannan karfasa ce. Danginta ne kuwa. Namijin ke share gurbi a cikin yashi, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su cikin bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa, a nan take goyonsu makonni, ko abincin kirki ba ta ci. In sun yi ƙwari sai ta sake su a gefen gaɓa, cikin ciyawa da bakin rafuka inda ruwa ba zurfi. To a nan ne gidan sauro ke jiransu.

Wanda ake rabawa saboda zazzaɓi, shi ake haɗawa a ɗinke ya zama koma. Idonsa ba ya barin komai ya wuce. A 2018 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta ce uku daga cikin jinsin chambo huɗu suna dab da ƙarewa. Ɗayansu ma, wanda masana ke kira lidole, rabon da a tabbatar da ganinsa tun 1992.

Direban da ya kai ni ne ya haɗa ni da wata dattijuwa 'yar kwamitin kare kifi na ƙauyensu, shi ya yi mana tafinta. Kwamitocin nan wata ƙungiya mai suna Ripple Africa ce ta taimaka aka kakkafa su, tare da sarakuna da hukumar gunduma. Mutum goma ne, maza da mata, masunta da waɗanda ba su taɓa jefa koma ba, kuma ba albashi. Su ke gadin wuraren haihuwar kifi, su ke tsare lokacin hana kamun kifi da ke farawa a watan Nuwamba, su ke ƙwace haramtacciyar koma.

Ta jawo wata da suka ƙwace ta warware a gabana. A cikin ninkin akwai 'ya'yan chambo da suka bushe, kasawala suke ce musu. Ta ɗebo ta zuba min a tafin hannu. Kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba, ido ya fi jiki. Na ƙirga har arba'in na daina, don zuciyata ta karye.

Na ce, "Mama, ta wa ce?" Ta ce ta ɗan ƙaninta.

Wannan amsar ce ta tsaya min a rai har yau. Jami'in gwamnati yana zuwa ya tafi, ita kuwa gobe za ta haɗu da yaron a wurin biki ko makoki, ta san kuma yunwa ce ta sa shi, ba mugunta ba. Ni ba na ganin laifin mai yunwa. Amma na san abin da ake ji in koma ta fito wayam, na gani a fuskar mahaifina, kuma a ganina matar nan ta fi kowa tausayin yaron. Ta ce sai da suka yi wata guda ba ya gaishe ta.

Da daddare na kira gida na ba Baba labari. Ya yi shiru, har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Komar da suka yarda a yi su da ita, yatsa nawa ke shiga idonta?" Na ce ban tambaya ba, Baba. Ya ce in koma in tambaya kafin in baro ƙasar. Washegari da sassafe na sake shiga motar Nkhata Bay.