Tsohon Jirgin Faiba da Darmar da Ke Ƙasansa

Makon jiya na kai bambar motata Panteka domin a yi mata faci, ina tsaye mai gyaran yana shimfiɗa zaren gilashi yana shafe shi da danƙo, sai warin ya tuna mini da wani jirgin ruwa da na taɓa tuƙawa a kudancin Ingila, lokacin da na je ƙaro ilimi a Sawzamton. Da na gaya masa cewa da irin wannan faibar aka ƙera jirgin tun kafin a haife shi, sai ya ɗago kai ya ce, "Haba Alhaji, a teku kuma?"

Jirgin ƙirar Contessa 32 ne, wanda David Sadler ya zana, Jeremy Rogers kuma ya fara ƙerawa a garin Limintin a farkon shekarun 1970. Tsawonsa ƙafa 32 ne, faɗinsa ƙafa 9 da rabi kacal, kuma iska ce ke tura filafilansa, ba a tayar da injinsa sai wajen fita ko shiga tasha. Mai shi wani dattijo ne da muka saba a wurin karatu, wanda ya gayyace ni ba tare da sanin cewa iyakar sanina da ruwa ita ce kwale-kwalen da ke ƙetare kogin Kaduna da damina ba.

A kwale-kwale, da zarar ya karkata sai kowa ya kama salati, domin abin da ke biyo baya kifewa ne. Da wannan tunanin na riƙe sandar tuƙi a mashigin Solent, iska ta cika filafilai, jirgin ya kwanta gefe ɗaya har ruwa yana gudu a kan bakinsa, ni kuwa na saki sandar na rungume ƙarfen da ke kusa da ni. Jirgin ya juya hancinsa ya fuskanci iska da kansa, ya miƙe tsaye, filafilai suna ta kaɗawa. Dattijon bai yi faɗa ba, ya dai bayyana mini abin da ke ƙarƙashinmu: wani dogon ƙashi ne mai nutso har ƙafa 5 da rabi cikin ruwa, an cika shi da darma kimanin tan 2, wato kusan rabin nauyin jirgin baki ɗaya. Gwargwadon yadda iska ta kwantar da shi, gwargwadon yadda darmar ke ƙara jan sa ya dawo. Ban yarda da maganar ba sai da na sake karɓar sandar, na ji yadda yake karkata zuwa wani mizani sannan ya cije a nan, yana yanka igiyar ruwa ba tare da dukan ƙirji ba.

Wannan siffa ce ta yi masa suna a gasar tseren jiragen ruwa ta Fasnet, ta watan Agustan 1979, wadda jirage 303 suka shiga, guguwa ta auka musu, matuƙa 15 suka rasa rayukansu. A rukunin ƙananan jirage, guda ɗaya ne tak ya kammala tseren, shi ne Assent, kuma irin wannan ƙirar ne.

Sai dai kuma kowane allazi da nasa amanu. Gefensa ba shi da tudu sosai daga ruwa, saboda haka duk igiyar da ta taso sai ta watsa wa na zaune, har masu shi kan yi ba'a cewa jirgin ƙarƙashin teku ne aka sa wa filafilai. A ranar farko na jiƙe sharkaf saboda na ƙi sa rigar ruwa, a rana ta biyu ban jira an tuna mini ba. Cikinsa ma matsattse ne, ko sallah a zaune na yi ta, bayan na duba alƙibla a kamfas ɗin tuƙi. Na kuma koyi rage filafilai tun iska ba ta yi tsanani ba, domin ranar da muka yi jinkiri sandar ta yi nauyi a hannuna har kafaɗata ta kwana tana ciwo, alhali da muka rage gudun bai ragu ba.

Da hunturu muka je inda ake jingine jirage a tudu, dattijon ya nuna mini wani tsohon jirgi na maƙwabta wanda ƙasan jikinsa ya yi bororo kamar ƙuna. Ruwa ne ke ratsa fatar faibar a hankali cikin shekaru, kuma da ya huda ɗaya da tsinin wuƙa sai wani ruwa mai warin tsami ya fito. Maganinsa a kankare, a bar shi ya bushe na watanni, sannan a sake shafe shi. Da na ba mai gyaran Panteka wannan labarin, sai ya ƙwanƙwasa bambar da ɗan yatsa ya ce tawa dai ba za ta ga teku ba, in dawo in ɗauka bayan la'asar.