Buhu ɗari da na bari ajiya

A ƙarshen 2023 na kwashi adashe, na haɗa da ɗan abin da na tara, na ce bari in tayar da ɗaki uku da falo a filina da ke bayan unguwar Arkilla a Sakkwato. Ban ba ɗan kwangila ba. Ni ke sayen kaya, magini ya yi jinga.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar komai ke hawa, sai na ga dabara ce in sayi siminti buhu ɗari tun da wuri. Wurin ajiya ne ba ni da shi, ga siminti in ya daɗe ya sha raɓa daskarewa yake yi. Sai na biya wani dila, na bar kayan a shagonsa in riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Rasit ɗin da ya ba ni adadin kuɗi kawai ke ciki, babu yawan buhu. Ko dubawa ban yi ba, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci.

Na ɗebi talatin aka zuba harsashi. Cikin Fabrairun 2024 buhu ya kusa ninka kuɗinsa, a garin da kullum muke kallon tireloli na fitowa daga kamfanin siminti na Kalambaina. Da na koma ɗaukar sauran, sai ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Malam, ka yi hanƙuri, kuɗɗi kab ba ni ajiya, ba siminti ba." Sai da liman da wani kawuna suka shiga tsakani, na karɓi hamsin a madadin saba'in. Har yau muna gaisawa, sama-sama.

Bulo ma ya koya mini hankali. Na sayi mai inci tara guda ɗari biyar, yana da kyau a ido. Baba magini ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki, ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Ya murza ɓaraguzan a tafinsa, yashi zalla. An ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a ba shi ruwa ba. A ranar Sakkwato ta watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, bulon da bai sha ruwa safe da yamma na mako guda ba bushewa kawai yake yi, ba ƙarfi. Daga nan na kawo mai bugawa cikin filin, na sa tifa ta sauke yashin gulbi, na yi ciniki da 'yan ga-ruwa, ina tsaye ana ƙirga abin da kowane buhu ya fitar.

Baba kansa mutumin kirki ne, amma na ba shi kafin alƙalami mai tsoka ana gab da damina. Ruwan farko na sauka leburorinsa suka koma ƙauye shuka, shi ma ya bi su. Mako biyar katakon linta na shan ruwa har ya lanƙwashe. Da ya dawo muka sake sharaɗi: ya kai taga in biya, ya ɗaure linta in biya.

Yanzu ginin ya kai rufi. Wancan makon na je biyan kuɗin kwano, na sa mai shago ya rubuta bandir nawa ne, kaurinsa da launinsa, ya sa hannu. Ya dube ni ya ce ko ban yarda da shi ba ne. Na ce a kira mai a-kori-kura, yau zan kwashe.